Gyaɗar Bayan Rumfa

In ana son a san shekarar, sai dai a lissafa yadda muke lissafi. An fita daga yunwar nan da aka ci garin rogo, damina ta yi kyau a bayanta har mutane sun fara mayar da jiki, amma ba a kai ga ƙuri'ar i da a'a kan zama da Faransa ba. Bature yana nan zaune a Damagaram, ana biyan lanho kowace kaka, kuɗin kai ke nan. Yaron da na fara samu yana bayana, ko haƙori bai fara ba. A wannan shekara aka aurar da ƙanwar maigidana zuwa Yauri, wani ƙauye kusa da mu, a cikinta kuma na koyi cefane, ni da nake ganin tun ina ƴar talla babu wanda ya kai ni iya ciniki a Matamaye.

Gidan ba yawa gare mu ba. Ni da goyona, da ƙanwar tasa, da mahaifiyarsu wadda kowa ke kira Inna. Shi maigida da an ɗaure gero an sa a rumbu sai ya saɓa buhunsa ya yi Kano cin rani, ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Abin da ya bari a hannun Inna shi za mu yi ta ja kamar danƙo har ya dawo. Inna gwiwoyinta sun gaji, saboda haka ni ce mai zuwa kasuwa, ita ce mai tambaya.

Tambayar tata kuwa ba irin ta sauran surukai ba ce. Ba ta farawa da nawa kika saya. Sai ta ɗaga faifai ta dubi kayan ta ce, "Hannun wa ya fito?" In na ce wane, sai ta ce, "Da ya miƙo miki, yaya fuskarsa?" A wurinta abin da mutum ya sayar yana haɗiye kuka ba araha ba ne. Lokacin lanho, in mutanen ƙauye suka cika kasuwa da kaji da tabarmi suna neman ko nawa ne, matan unguwa murna suke yi. Ni kuwa an ja mini kunne: in biya abin da kazar take yi ranar da ba a matse mai ita ba, ko in bar ta. Yawanci barin ta nake yi, don ba mu da shi. Nama sai wurin mahauci guda, wani dattijo da ta ce ta san inda yake sayen dabba, tsokarsa kuwa ta fi ta kowa ƙanƙanta. Shi ya sa miyarmu ta fi ta kowa tsarki a unguwa, ta kuma fi ta kowa ruwa. Ƙanwar maigida takan leƙa tukunya ta ce, "Matar Yaya, yau ma naman ya tafi cin rani?"

Kada dai a ɗauka Inna waliyyiya ce. Sukarin da ake shigowa da shi daga wajen Daura ta bayan masu duwan da ke karɓar kuɗin fito a iyaka, wanda ya fi na kanti sauƙi, shi take sha. Na taɓa tsokanarta na ce, "Inna, wannan fa ta ɓarauniyar hanya ya zo." Ta ce, "Wa aka ƙwace wa? Wancan ya sayar da yardarsa, wannan ya ɗauko a kan jakinsa. Iyakar nan Nasara biyu suka ja ta, ba su tambayi kowa ba. Jefa mini a kunu."

Auren ƙanwar tasa na so ne. Saurayin manomin gyaɗa ne, yakan kawo buhu gari ya tsaya sayen ƙosai a wurinta, ƙosan ya ishe shi amma bai daina saye ba. An ɗaura aure amarya ta tare kafin maigida ya tafi. Gyaɗar gonarmu duk ta tafi a lanho da gado da tasoshin ɗaki. Abin da ya rage iri ne, a cikin wata tukunya da aka liƙe bakinta da laka, wanda ya taɓa shi kuwa ya ci baɗi. Sai ya zama saura gara, ita kuma aikin mata ce, ta faɗo a kaina.

Gara a lokacin ita ce fuskar gidan amarya. Bayan ta tare da ɗan lokaci, matan gidansu su ɗauki gero da daddawa da kuka da kantun gishiri, da alkaki in da hali, su kai gidan miji. A gaban kayan duka akwai tandun man gyaɗa, irin na fata mai ƙaramin wuya. Al'adar wajenmu, kafin a buɗe komai, wata daga dangin ango za ta ɗaga tandun ta girgiza a gaban jama'a. In ya cika ba a jin komai, sai a rangaɗa guɗa. In ya yi ƙara, to amarya ta samu abin gori har ta ga jika. Akwai wata tsohuwa a unguwarmu da ta mutu ana ce mata ƴar gidan rabin tandu. Namu tandun kuma babba ne, na kakar maigida, ya kai garar duk matan gidan, kowa ya san shi. Ba dama a sauya da ƙarami a ce ba a gani ba.

Da muka sayi alkama da sukari, abin da ya rage cikin kuɗin gara ba shi da auki. In na sayi gyaɗa a hannun manomi a kasuwa, man da zai fito sai dai ya soya alkaki ya jiƙa gindin tandu.

A lokacin cinikin gyaɗa ya buɗe. Rumfunan masu saye sun jeru a bakin hanya, kowace da sikelinta, jakuna da raƙuma suna sauke buhuna, babbar motar kaya da muke kira kamyo tana kwashewa. In manomi ya kawo buhu, kafin a ɗora a sikeli sai masu awo su kwance bakin su zura ƙwarya su ɗebo, wai za a duba ko akwai tsakuwa. Ba a taɓa ganin abin da ƙwaryar nan ta ɗebo ya koma buhu ba. Manomi yana kallo, ba ya magana, don in ya yi magana sai a ce gyaɗarsa ba ta bushe ba, ya koma da ita, lanho kuwa yana jiransa. Abin da aka tara haka, in la'asar ta yi, a bayan rumfa ake sayar wa mata masu matsar mai, kusan a rabin kuɗi. Gyaɗar bayan rumfa, sunanta ke nan, babu wanda yake rage murya in zai faɗa.

Maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu, da ita take sana'a. Mace ce mai sakin hannu, ga ƴaƴa rututu, nata mijin ma yana Kano. Ta kan katanga ta leƙo ta same ni ina juya ƙullin zane.

"Ke dai ɗauko ƙwarya mu je. Da abin da ke bakin zanen nan za ki cika tandu har ki shafa wa ɗanki a ka."

"Inna fa?"

"Inna za ta bi ki da waɗannan gwiwoyin? Mai ai ba ya faɗin gonarsu."

"Za ta ce hannun wa ya fito."

"Ki ce hannun Allah. Kin yi ƙarya? Ni ban ɗebi ta kowa ba, kuɗina nake bayarwa. In ban saya ba wata za ta saya, gyaɗar ba za ta koma ƙauye da ƙafarta ba."

Maganar ta shige ni, sai na ɗauke ta ɗungurungum na kai wa Inna, ban rage komai ba. Tana zaune tana kaɗi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Gaskiyarta, ba za ta koma ba. Ita kuma Allah ya ga bakunan da take ciyarwa, ban ce komai a kanta ba. Amma man nan shi ne farkon abin da yarinyar can za ta zuba a tukunyar gidan mijinta. Abin da ban sani ba, ba za a tambaye ni ba. Wannan kuwa na san inda ya fito, ke ma kin sani."

Na ce, "To Inna, tandun zai yi ƙara."

Ta ce, "Ya yi." Ta ci gaba da kaɗinta, amma a ranar na ga zare yana ta tsinke mata, ita da zarenta ba ya tsinkewa.

Dabarar daga kaina ta fito, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Na je rijiya sai na ga wasu tsofaffin mata suna shigowa gari da ƙananan ƙorai a ka, ƙafafunsu fari fat. Kala suka je. In an tuge gyaɗa an kwashe, akwai wadda ke tsinkewa ta zauna a cikin ƙasa. Wannan al'ada ta bar wa duk mai iya tsugunawa, muddin ya yi sallama da mai gona, har ranar da za a saki dabbobi. Babu mai ce maka ka ci haƙƙinsa. Sai dai aiki ne na gajiyayyu da waɗanda ba su da kowa. Ni kuwa ƴar gidan marina ce, da baƙin zane mai sheƙi aka kawo ni ɗaki, uwata ko hanyar gona ba ta sani ba. Da na faɗa wa Inna sai ta dube ni tun daga sama har ƙasa ta ce, "Ke?"

Na ce, "Ni."

"To ki cire awarwaron nan, kada a ce masu kala sun yi sarauniya."

Na cire na dama. Na hagu ya ƙi fita, tun da na haihu hannun ya cika, ko da sabulu bai motsa ba. Haka na bar shi.

Na yi lissafi irin na masu wayo. Hanyar Yauri ba zan bi ba, kada wani daga dangin ango ya ga surukarsu tana tonon ƙasa. Sai na bi hanyar Kurni, inda babu wanda ya san ni. Na lulluɓa da tsohon zanen Inna, na goya yaro, na ɗauki ƴar fartanya da ƙwarya da goran ruwa, na bi bayan tsofaffin nan.

Kala ba ƙarfi take so ba, ido take so da haƙuri. Ka nemi ramin da aka tuge, ka kauda ƙasar gefe, ka sa yatsu ka tace rairayi. Wata kurege ya riga ka, wata ka ɗaga ka ji fanko ce. Ranar farko abin da na samu bai rufe gindin ƙwarya ba, bayana kamar an yi sussuka a kai. Tsofaffin suna ta yi mini dariya, ɗaya ta ce, "Ƴar birni, zobe kika yar ne kike nema?" Amma su suka nuna mini kada in ɓata lokaci a wuri mai taushi, inda gyaɗa ke fitowa duka, in nemi inda ƙasa ta kama. Sannu a hankali hannu ya gane. Na kai ga yatsana yana jin ƙwanso kafin ido ya gani, har nakan kama kaina ina ƴar waƙa.

A wata babbar gona mai gawo a tsakiya na gamu da tsohuwar. Ƴar ƙarama ce, bakinta ja wur da goro, tana zaune a inuwa tana gadin harawa kada awaki su yi mata ɓarna.

"Sannu da hutawa, Iya. A yi kala?"

"A yi. In kin samu da yawa ki gaya mini, in je in zane ƴaƴana."

Na tsuguna. Can sai na ji ta ce, "Wannan hannun mai awarwaro ba na kala ba ne. Mijin mutuwa ya yi ko gudu?"

"Yana Kano, Iya."

"Duk ɗaya ne har damina. Kawo yaron nan inuwa, kada ki gasa wa mutane ɗa."

Gonar tana da faɗi, na yi ta komawa. Ita ta riƙe mini yaro, ni ina tono, tana jan ni da magana kamar mai zare ƙaya. Haka ta san daga Matamaye nake, ta san gara nake haɗawa.

"Daga Matamaye, ki bar gyaɗar bayan rumfa ki zo kina takara da kurege? Ko ta ƙare ne?"

"Tana nan, Iya. Gidanmu ne ba a ci."

"Don me?"

"Don ta masu ita ce."

Ta ɓantari goro. Sannan ta ce, "Ina za a kai garar?"

Na ce, "Can wani gari."

"Wani gari. To Allah ya kai ku wani gari lafiya."

Wata rana na zo na tarar ta ajiye masaki cike da gyaɗa a gindin gawo, ta ce in ɗauka in huta da wahala. Raina ya so, ba zan ce bai so ba. Amma na ce, "Iya, kala na zo, ba bara ba." Ta yi dariya har yaron ya farka. Ta ce, "Talaka da hanci. To je ki kusurwar can wajen suri. Ƙasar ta yi tauri, malalatan nan da ƙarfi suka fizge, rabi ya zauna." A kusurwar nan na samu mafi yawan abin da na samu, a nan kuma na bar faratana. Ban gama da ita ba aka saki dabbobi, shanu suka shiga gonaki, kala ta ƙare.

Sai aikin mai. Muka ɓare, muka soya a kasko da rairayi, muka murje muka fece, aka daka har ta yi laushi. A juye a turmi, ana juyawa da taɓarya ana yayyafa ruwan zafi, har ka ga man ya taso yana ƙyalli. Tunkuzar a mulmula ƙuli-ƙuli a soya, shi ma ya ba da nasa man. Maƙwabciyata ta shigo da taɓaryarta ta taya ni, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Inna, ita ma sai an tambayi hannun da ta fito?" Inna ta ce taɓarya ba ta da laifi, ta shigo. Ƙuli-ƙulin na kai kasuwa na sayar, abin da na samu na sayi gyaɗa a hannun manomi, ido da ido, muka sake matsa. Haka muka yi ta juyawa, kullum abin yana ƙanƙancewa, har ya zama babu abin juyawa. A kwanakin nan miyar gidanmu ko ɗigon mai ba ta gani ba, muna zaune cikin ƙanshinsa.

Muka soya alkaki, muka juye sauran a tandu. Na zura yatsa ta wuyansa, yatsan ya fito a bushe. Saura kaɗan, amma tandu bai san kaɗan ba.

Maƙwabciyata ta ɗora kwalba cike da nata man a kan katanga. Ta ce, "Kyauta ce, ba saye ba. Daidai wuyan tandun ne, na auna da ido." Kwalbar nan ta wuni a kan katanga, rana tana haska ta, ni ina shara ina kallon ta. Na dubi tukunyar iri, ita ma na kalle ta. Da yamma ni da kaina na sauke kwalbar na mayar mata, na haɗa mata da alkaki, na yi godiya. Ta ce, "Ku dai gidan nan Aljanna ma sai kun tambayi wa ya gina."

Da sassafe muka kama hanyar Yauri, ni da matan dangi da jakuna. Inna ba ta zuwa, uwa ba ta kai gara. Ni na ɗauki tandun a ka, duk takun da na yi sai ya amsa mini. Har muka isa yana yi mini magana a tsakar ka.

An tarye mu da fura da ruwan sanyi, gida ya cika da mata. Aka jera kaya a tsakar gida. Na hango ƙafafun amarya ta ƙarƙashin asabarin ɗakinta, ta matso tana saurare. Wata doguwa mai baki, matar baffan ango, ta ɗaga tandun ta girgiza. Ya yi ƙara, kowa ya ji. Ta kara shi a kunne ta sake girgizawa ta ce, "Ikon Allah, baƙon namu har sallama yake yi." Aka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Mutanen birni, ƙishirwa ce ta kama ku a hanya?" Ɗaya daga cikinmu ta ce jaki ne ya yi tuntuɓe, doguwar ta ce ai a kan mutum ta ga an shigo da shi. Ƙafafun nan na bayan asabari suka ja baya. Ni dai na sunkuyar da kai ina kallon tabarma.

Sai aka ce a kira Gwaggo, ita ke rabon gara a gidan. Ta fito daga ɗakin uwar ango cikin baƙin zane mai kyau, ƴar ƙarama, baki ja wur. Ashe ƴar Yauri ce, yayar uban ango, aure ne ya kai ta wani ƙauye a hanyar Kurni. Duk wayona na kauce wa dangin ango, a gonar babbarsu na yi ta tsugunawa, har tana yi mini reno. Na ja mayafi na rufe fuska, na manta da awarwaron hagu.

Ta zauna, aka miƙo mata tandun. Ta cire marfin ta sunsuna, ta ce, "Duk garar da aka kawo mana daga Matamaye, nakan buɗe tandu in yi wa gyaɗarmu barka da dawowa gida. Ta tafi a ƙwaryar masu awo, ta dawo mana da guɗa." Matan suka yi dariya, amma ba irin ta ɗazu ba, kowace mijinta ya taɓa tsayawa a gaban sikelin nan. Ta ce, "Wannan ma tawa ce, na san ta. Sai dai ita da sallama aka ɗauke ta."

Ta miƙo hannu ta kamo wuyan hannuna ta ɗaga. A hankali ta ce mini, "To, mun iso wani gari lafiya?" Sannan ta juya wa matan tafina, ta nuna musu faratan da suka karye da kantar da ta fito. Ba ta rage mini komai ba. Ta tashi ta kwaikwayi yadda nake tsugunawa, ta faɗi maganar kurege, ta faɗi ta masaki, har da muryata ta ce, "Kala na zo, ba bara ba." Abin da na yi ta ɓoyo ke nan, ga shi a tsakar gidan surukai ana tafa hannu. Na ji kamar in nutse, kuma wallahi a lokaci guda kaina yana ƙara girma.

Doguwar nan ba ta saki ba. Ta ce, "Duk da haka dai, Gwaggo, bai cika ba."

"Bai cika ba. Bar shi ya yi surutunsa, yana da abin faɗa."

Ita da kanta ta toshe hanci ta fara guɗar. Muryar ta tsufa, ta karye a tsakiya, sai sauran suka ɗauka, har doguwar, kuma tata ta fi ta kowa tsawo. Aka raba alkaki da daddawa gida-gida yadda aka saba. Man kuwa Gwaggo ta ce ba za a raba ba, a shigar wa amarya ɗakinta, ta ci ita da mijinta. Da na shiga da shi na tarar da ƙanwar maigida tana share ido tana dariya. Ta ce, "Matar Yaya, ashe kurege muka auro." Na ce ta yi mini shiru ta kawo ruwan zafi in gasa baya.

Sunan dai ya bi ni. Har yau a Yauri in an ce mai kala an san wa ake nufi. Maigida tun a tashar mota ya ji labari kafin ya iso gida, ya shigo fuska a ɗaure, wai an ce matarsa tana tonon gonakin mutane kamar ba ya raye. Inna ta ce ya zauna ya wanke ƙafa tukuna. Abin da ta gaya masa ban ji ba, ina madafa. Na dai san a cin ranin da ya biyo baya, sabon awarwaro ya sayo mini, mai faɗi, wanda yake fita.

Da kaka ta zagayo, mutanen Yauri suka fara tsayawa a ƙofar gidanmu kafin su wuce rumfa. Su kwance buhu su auna mini da kansu, in biya yadda ake sayarwa. Da haka na fara sana'ar mai. Nawa ya fi na maƙwabciyata tsada, ta fi ni masu saye, ban taɓa kamo ta ba. Rumfunan ma ba su fasa ɗibarsu ba don ni, sun yi shekaru suna yi. Mun zauna da ita lafiya, katanga ɗaya, ina cin tuwonta tana cin nawa. In ta aiko da miya Inna takan sha, ta ce ba ta tambaya ba, ba a kuma gaya mata ba.

Yanzu duk sun tafi. Inna ta riga, Gwaggo ta bi ta ba da jimawa ba, sai maigida, sai doguwar nan da muka zama aminai daga baya. Maƙwabciyata ta daɗe, ni na yi mata wanka. Yaron da ya yi barci a gindin gawo shi ma ya yi furfura ya riga ni. Tandun ɓeraye suka cinye. Cikin waɗanda suka ji ƙararsa a tsakar gidan nan, mu biyu muka rage, ni da amaryar. Tana nan a Yauri, Hajiya ce, babu haƙori ko ɗaya a bakinta. Duk kaka sai ta aiko mini da kwalbar mai daga gonar ƴaƴanta, kuma ba ta taɓa cika ta ba.